Takalman Ikrama a Ƙofar Edna

Ranar Litinin da safe aka tarar an ƙwaƙule mezuzar Madam Edna daga jikin ƙofarta, kafin azahar kuma 'yan sanda suka fito da Ikrama daga masallaci da ankwa a hannu.

Layin gajere ne, a bayan Titi na Bakwai cikin birnin Washington. A da Yahudawa ne suka cika shi, teloli da mahauta da masu gyaran takalmi, shi ya sa har yau direbobinmu Layin Yahudawa suke ce masa, ko da yake majami'arsu ta daɗe da komawa coci, jikokinsu kuma sun watse unguwannin bayan gari. Mutum ɗaya ce ta ƙi tashi, Edna, tsohuwa 'yar shekara tamanin da huɗu. Tana zaune a saman benen da ubanta ya bar mata, ta ba Hajiya Hairat hayar shagon ƙasa tana kitso, ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa direbobin tasi 'yan Nijar da 'yan Nijeriya suka karɓa suka mayar masallaci. Ƙofarsu daban take, ta baya, sai an bi lungu.

Mezuzar 'yar gwangwani ce ta azurfa da ba ta wuce tsawon yatsa ba. A cikinta akwai fata a naɗe, an rubuta mata ayoyin Attaura da hannu. Uban Edna ya ƙetaro teku da ita a aljihu, ya kafa ta a katakon gefen babbar ƙofa ranar da ya sayi gidan. Duk shiga da fita sai Edna ta taɓa ta, ta sumbaci yatsunta. Yanzu ba abin da ya rage sai rami a katako da ɓaraguzan fenti a ƙasa.

Hunturun shekarar 2003 ne, lokacin da gemu kaɗai ya ishi mutum laifi a garin nan, Ikrama kuwa Allah ya hore masa gemu. Dusar ƙanƙara ta zuba kaɗan kafin asuba, sai ga sawu ya fito daga ƙofar masallaci, ya bi lungu zuwa ƙofar Edna, ya koma. 'Yan sanda suka sauka masallaci, suka sami manyan takalman aiki jiƙe a kan katakon ajiye takalma, da faci a dunduniyar hagu, daidai da na sawun. Ba wanda bai san takalman Ikrama ba ne. Morton, ɗan Edna, ya ce ƙiyayyar addini ce ƙarara. Constance mai dafa abincin sadaka a coci ta ce da ma ita idon yaron nan bai taɓa kwanta mata ba, alhali yaron shekararsa talatin, kuma shi yake share mata ƙanƙara a bakin coci.

Da aka duba takardunsa aka ga bizarsa ta karatu ta ƙare, takardar neman zama kuma tana gaban hukuma ba a amsa ba. Lauyar da wata ƙungiyar agaji ta ba shi ta faɗi magana a fili. Ranar Juma'a zai tsaya gaban alƙali. In an wanke shi daga wannan zargi kafin ranar, zai sami beli ya ci gaba da jiran takardarsa. In ba a wanke shi ba, jirgi zai mayar da shi gida.

*

Malam Hamidou shi ke gadin filin ajiye motoci da ke jikin gidan. Kafin cacar biza ta jefo shi Amurka, shekara ashirin ya yi a ƙasar Dakoro ta Nijar yana bin sawun ɓarayin raƙuma da shanu, jandarma suna biye da shi a mota. Yanzu tikiti yake yaga wa lauyoyi a wata 'yar rumfa da ba ta fi akurki ba. Ba ya kallon fuskar mutum, ƙasa yake kallo, mutanen gari suna ɗauka kunya ce.

Ranar Litinin ɗin ya sauko daga jirgin ƙasa na farko da ke tasowa daga Laurel, garin da yake kwana, ya iso layin ana idar da sallar asuba, kafin masallata su fito su tattake lungun. Bai san an yi wata ɓarna ba. Sawun ne ya tsayar da shi, don ya san takalman, ya kuma san mai su. Ikrama ɗan Madawa ne, ɗan Nijar kamarsa, Kawu yake ce masa, kullum tare suke cin abincin rana a rumfar. Dogo ne, takunsa mai faɗi, yana danna yatsu kamar mai sauri ko da ba inda za shi. Wannan sawun kuwa taku gajere ne, bakin takalmin ba nauyi, dunduniya tana jan ƙasa. Ƙaramar ƙafa ce take iyo a cikin babban takalmi. A tsakiyar lungu mai tafiyar ya tsaya ya dafa murfin duron shara, ya bar shatar ƙaramin hannu.

Da 'yan sanda suka zo Hamidou ya tattara ɗan Turancinsa ya gaya musu. Ɗan sandan ya saurara da ladabi, ya tambaye shi ko ya ɗauki hoto. Bai ɗauka ba. Su sun ɗauki hoton sawu ɗaya tal, wanda ya fi fitowa, kafin nan kuma masu kallo sun tattake sauran. Hamidou ya so ya ce musu sawu ɗaya takalmi yake nunawa, sai an jera goma ake ganin mutum, amma Turancin ya ƙare masa a hanya. Ya koma rumfarsa ransa a ɓace.

*

Mutum bakwai suka yi sallar asuba a masallacin ranar. Ikrama ya rantse yana cikin sahu daga kabbara har sallama, don haka Hamidou ya ɗauka aikin mai sauƙi ne, mutum ɗaya ya je ya ba da shaida a sallami bawan Allah. Ranar Talata ya bi su ɗaya bayan ɗaya a wurin da suke jiran fasinja.

A ranar ya gane cewa jama'armu suna da khushu'i fiye da yadda ake zato. Na farko ya ce shi in ya tayar da salla ba ya ganin na kusa da shi. Na biyu ya ce barci ne a idonsa. Na uku ya ja shi gefe ya ce, Malam Hamidou, ka san lasin da nake tuƙi da shi na ɗan'uwana ne, in na shiga ofishin nan ba zan fito ba. Wannan ko ba komai ya faɗi gaskiya, Hamidou bai ji haushinsa kamar na sauran ba.

Sauran ma kowa ya kawo nasa uzuri. Ya rage Alhaji Ladan, mijin Hajiya Hairat mai shagon kitso. Injiniya ne mutumin Zariya, yana da gida a Bowie can bayan gari, da takardar zama ɗan ƙasa, shi ne shugaban masallacin, kuma shi kaɗai ne ɗan sanda ba zai iya yi wa komai ba. Hamidou ya same shi bayan la'asar, suka gaisa har da tambayar iyali da sanyi, sannan ya kawo maganar.

Alhaji ya gyara zaman hularsa ya ce, "Malam Hamidou, ai ni na ja sallar. Baya na ba su. Kana so in je in rantse a kan abin da idona bai gani ba?"

"Da kunka sallame hwa, Alhaji? Ba ka juyo ba?"

"Na juyo, amma ba ƙirga mutane nake yi ba. A bar wa Allah, mu yi ta addu'a."

Hamidou ya fito ya tsaya a gindin matakala yana kallon katakon takalma. A nan ya ga wani direba ya fito daga sahu, ya zura ƙafa cikin silifan da ba nasa ba, ya wuce wajen alwala ko waiwaye bai yi ba. Haka muke yi tun daga gida, takalmin bakin masallaci na kowa ne muddin za a dawo da shi. Bature bai san wannan ba, shi a wurinsa mai takalmi shi ne mai sawu.

*

Daga nan ya hau wurin Edna. Ta buɗe masa ƙofa tana dogara sanda, ta zaunar da shi a kicin ta haɗa masa shayi mai lemon tsami, wanda shekara shida yana sha don kara kawai. Ta ce ba ta yi barci ba. Ta ce duk Asabar, ranar da addininta ya hana ta taɓa wuta, Ikrama ne yake hawowa ya kunna mata na'urar ɗumama ɗaki, bai taɓa karɓar ko ruwa ba. Ba ta san abin da za ta yarda da shi ba kuma, takalman dai nasa ne.

Hamidou ya tambaye ta wa zai ji daɗi in abin nan ya ɓace. Ta ce Morton shekara uku yana binta ta sayar da gidan ga masu rushewa su gina dogon bene, ita kuma tana ce masa ba za ta bar ƙofar da ubanta ya kafa wa mezuza ba. Tana faɗa tana jin kunyar abin da bakinta yake nufi.

"Mista Hamidou, ban damu a ɗaure kowa ba. Abin ubana nake so ya dawo."

Ya ce mata in Allah ya so zai nemo mai ƙafar. Ya roƙe ta ta kira ɗanta ya zo gobe, ta kuma tara masa mutanen gidan ranar Alhamis bayan la'asar.

*

Laraba da sassafe ya ɗauko buhun yashin da ake watsawa don santsi, ya zuba daga bakin titi har ƙofar Edna, ya bi da tsintsiya ya daidaita shi sumul. Masu wucewa suka yaba masa da kirki. Ya koma rumfarsa ya zauna, duk wanda ya wuce sai ya fito ya duba, ya sake sharewa.

Constance ce ta fara wucewa, gajera mai jiki, ya ɗan sa rai. Amma ƙugunta na dama ya daɗe da lalacewa, ƙafa ɗaya take ja, mai sawun Litinin kuwa ƙafafunsa biyu lafiya lau. Morton ya zo wajen ƙarfe tara yana magana a waya. Ƙafarsa ta fi takalman Ikrama girma, ko da mai aka shafa ba za ta shiga ba. Hamidou ya ji haushi, don ya so a ce shi ne. 'Yan matan shagon kitso biyu suka wuce da gudu-gudu, takunsu a kan yatsu, ba nauyi.

Wajen goma motar Alhaji Ladan ta tsaya, Hajiya Hairat ta fito cikin faffaɗar abaya da rigar sanyi har gwiwa. Ta gaishe shi, Baba ina kwana, yadda ta saba, ta shige. Ya jira motar ta tafi sannan ya je ya tsuguna.

Ƙafafu a ware, yatsu suna kallon waje, nauyi duk ya koma dunduniya, taku gajere. Ya daɗe da sanin sawun Hajiya, a kaka siriri ne, ƙafa tana bin ƙafa. Mace ba ta sauya tafiya haka sai ciki ya fara tura ta baya, wata biyar ko kusa. Irin wannan tafiyar ya gani a lungu cikin takalman Ikrama, girman takalmin ne ya rufe masa ido ranar bai karanta ta duka ba.

Ya miƙe a hankali. Duk layin an san Hajiya ta yi ɓari sau uku tun da ta buɗe shagon, ba wanda ya san da wannan cikin, ta ɓoye shi ƙarƙashin abaya. Ita ce duk Juma'a take aiko masa da tuwo a kula. Ya ɗauki tsintsiya ya share sawun da sauri, kamar wani zai iya karantawa.

*

A nan Hamidou ya yi kuskurensa, kuma tarbiyya ce ta sa shi. Da Ba'amurke ne, da ya shiga shagon ya tambaye ta ido da ido, ko ya ɗaga waya ya kira lauya. Shi kuwa dattijo ne, ba zai tari matar aure da zancen cikinta ba, a bayan mijinta. Sai ya jira Alhaji Ladan bayan magariba, ya ja shi cikin rumfa, ya gaya masa ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, takalmi na Ikrama ne, ƙahwa ta mace ce mai juna biyu. Ban hwaɗa ma kowa ba. Ka tahi ka yi magana da iyalinka, ta hito da abun mutane da kanta. Tsohuwar nan ba ɗauri take so ba."

Alhaji bai yi musu ba, bai kuma nuna mamaki ba, abin da ya kamata Hamidou ya lura da shi ke nan. Ya kama hannunsa da hannu biyu, ya yi ta godiya da ya rufa masa asiri, ya ce Allah ya bar zumunci. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi gobe da safe, don Hajiya ba ta son tashin hankali a halin da take ciki, zai bi da ita a hankali. Kafin la'asar komai zai daidaita.

Hamidou ya lissafa, alƙali sai Juma'a, akwai lokaci. Ya yarda, har ya koma Laurel yana jin daɗin ya yi abin manya.

*

Alhamis bayan la'asar aka taru a shagon kitso. Aka ba Edna kujerar da ake zaunar da masu kitso, Morton ya tsaya a bayanta, Constance ta zo da rigar girkinta, direbobi huɗu suka raɓe jikin bango. Hajiya Hairat tana zaune a lungun shago kanta a ƙasa. Alhaji Ladan ya shigo a ƙarshe, fuskarsa a sake. Ya raɗa wa Hamidou cewa ba sai an yi taron nan ba, magana ta riga ta ƙare, a sallami mutane. Hamidou ya tambaye shi ina abin tsohuwa, ya ce wannan kuma a hankali.

A nan Hamidou ya sha jinin jikinsa. Alhaji ya ce bari ya yi masa tafinta kamar kullum, Hamidou ya ce a'a, yau da bakinsa zai yi. Ya tsaya a tsakiyar shago yana haɗa Turanci da Faransanci da hannu. Ya bayyana musu yadda takalmin bakin masallaci yake na kowa. Ya ce wanda ya sa takalman ba ya cikin sahu, amma ya san lokacin da maza duk suka ba ƙofa baya. Ya ce wa Morton ƙafarsa ta yi girma, ya ce wa Constance tata ta yi ciwo, kowannensu ya buɗe baki da ya gane an auna shi bai sani ba. Sannan ya juya Hausa, bai kalli kowa ba sai ƙasa.

"Mai sawun nan ta tsaya tsakiyar lungu ta dahwa duro, don numfashinta ya ɗauke. Ba mugunta ta kai ta ba, tsoro ne. Ban kiran suna. Amma akwai ɗan mutane a kulle kwana huɗu, gobe za a yanke mai."

Alhaji ya ce wannan cin mutunci ne, ya dubi matarsa ya ce ta tashi su tafi. Ta tashi, amma ba ƙofa ta nufa ba. Ta jawo aljihun teburin da take ajiye kibiyar kitso da zare, ta ɗauko ƙullin hankici, ta zo ta durƙusa gaban Edna da ƙyar.

Tana kuka tana magana da Turanci. Ta ce bayan ɓari na uku ta kira wani malami a gida, ya duba ya ce akwai abin da aka kafe a ƙofar da take shiga kullum, muddin yana nan ciki ba zai zauna ba. Ta duba ƙofar gidanta na Bowie ba ta ga komai ba. Sai ta tuna 'yar gwangwanin nan, da yadda tsohuwa take shafa ta tana motsa baki. Laya ce a idonta, ba ta taɓa ganin wani abu mai wannan siffa da ba laya ba. Da wannan cikin ya kai watan da sauran suka zube, ta kasa barci. Ranar Litinin ta biyo Alhaji da asuba, silifa ne a ƙafarta, ta ga ƙanƙara, ta zura takalman da suka fi kusa, ta ɓanɓare abin da kibiyar kitso.

"Na gaya wa Alhaji tun ranar, a mota. Ya ce in yi shiru."

Ba wanda ya kalli Alhaji. Edna ta kwance hankicin. Gwangwanin ya lanƙwashe amma yana nan. Ta warware fatar, ta kai ta kusa da ido, ta juya bayanta. Fara ce fat. Malamin ya ce a jiƙa ta kwana uku a ruwan magarya don asirin ya karye, Hajiya kuwa ta cika umarni, tawadar da ta ƙetaro teku ta bi ruwa ta tafi a bahon wanke gashi.

Edna ta daɗe tana kallon fatar. Sannan ta tambayi Hairat ko ta san abin da aka rubuta a ciki. Hairat ta girgiza kai, sai Edna ta gaya mata.

"Cewa aka yi Allah ɗaya ne. Shekara shida kuna ƙarƙashin ɗakina ina jin kuna faɗar haka sau biyar a rana. Ko sau ɗaya ba wanda ya tambaye ni."

Direbobin suka sunkuyar da kai. Morton ya ciro waya zai kira 'yan sanda, uwar ta buge hannunsa da sanda, ta ce ba za a kai mace mai ciki ofishin kowa ba a kan abin ubanta. Ta ce a kira mata lauyar Ikrama yanzu, za ta ce kayanta ya dawo, ba shi ya ɗauka ba, ta janye ƙara. Hamidou ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa.

Morton ne ya kira, ya sa wayar a fili kowa yana ji. Lauyar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ina ma jiya aka kira ta. Yau da safe wani shugaban jama'arsu ya ziyarci Ikrama, suka daɗe suna magana da harshensu. Bayan ya fita Ikrama ya nemi takardar amincewa a mayar da shi gida ba tare da shari'a ba, ya sa hannu, bai ko jira ta ba. Ba sauran zama gaban alƙali gobe, an ma riga an ɗauke shi zuwa wani gidan tsaro a wata jiha. Za ta gwada, amma kada su sa rai.

Sai a lokacin Hamidou ya ɗaga kai ya kalli fuskar Alhaji Ladan. Alhaji ya ce, a hankali kamar mai ba da fatawa, yaron da ma takardunsa sun mutu, ko ba yau ba zai tafi, shi kuwa iyali gare shi da abin da ke cikin ciki. Wanne ya fi sauƙi a wurin Allah, asara ɗaya ko biyu? Direbobi biyu har sun fara gyaɗa kai. Hamidou ya tuna shi da hannunsa ya ba mutumin nan safiyar Alhamis.

*

Lauyar ta gwada, bai yiwu ba. Edna ta rubuta takarda har biyu, aka janye zargin, amma hannun da Ikrama ya sa ya riga ya zauna. Juma'a ta zagayo Alhaji Ladan ya ja salla, sahu ya cika kamar kullum. Hamidou ya shimfiɗa kwali a rumfarsa ya yi tasa shi kaɗai.

Bayan kwana tara wayar rumfar ta yi ƙara da hantsi. Wata murya ta ce kira ne daga gidan tsaro, minti uku, sannan ya ji Ikrama. Muryarsa ta dushe amma ya gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi sanyi, ya tambayi Madam Edna, ya ce a gaya mata wallahi ba shi ba ne. Hamidou ya ce ta sani, kowa ya sani yanzu. Ikrama ya yi hamdala, bai tambayi ko wane ne ba, ya ce jibi jirginsu zai tashi, a sanar da tsohuwarsa a Madawa.

"Kawu, saƙo guda gare ni. Ka tahi wurin Alhaji Ladan ka yi mini godiya. Duk jama'ar nan shi ɗai ya zo ya gan ni. Shi ya hwaɗa mini gaskiya, ba mai yi mini shaida, in na tsaya shari'a shekara goma za su ba ni. Ba don shi ba da na ruɓe a nan. Ka ce Allah shi saka mai."

Hamidou ya riƙe wayar, wani lauya a mota yana danna masa oda yana miƙo tikiti. Ya ga in ya faɗa, ba abin da zai ƙara wa yaron sai abin da zai ci shi har ƙarshen ransa, in kuma ya yi shiru ya zama na takwas a cikin masu sallar asubar da suka rufe bakinsu. Ya buɗe baki bai san wanne zai fito ba.

"Kawu, kana jina? Za ka hwaɗa mai?"

"Ina jin ka, ɗana. Allah shi saka mai da abin da ya yi."

Ikrama ya ce amin da dukan zuciyarsa, layin ya yanke.